Tsakanin Faɗuwa da Faɗuwa

Kwana arba'in da ɗaya ban faɗi ba.
Ina ƙirga su da ƙulli a igiyar koma,
ƙulli ɗaya, kwana ɗaya.
Mutanen bakin ruwan Yelwa sun ɗauka gyara nake yi.

Da can ni ke riƙe da filafili,
ni ke ƙetarar da mata da buhunan albasarsu.
Ran da ta same ni a tsakiyar Kwara
Baba Ɗantani ne ya cafko wuyan rigata.
Tun daga ranar ruwa ya zama surukina:
daga nesa nake gaishe shi,
ba ma haɗa ido.

Ita faɗuwar, ba ni da labarinta.
Warin ƙonanniyar roba, ɗanɗanon tsatsa a harshe,
sai duhu.
Ku kuka gani. Ni dai farkawa nake yi
in tarar da ƙafafu sun kewaye ni daga nesa,
wando a jiƙe, harshe a tsage,
wata na fizge ɗanta kada ya taka miyauna.

Minti uku ne, in ji su.
To, sauran yinin fa? Sauran watan?

Kafin in zauna sai na auna wuri:
ina murhu, ina kaifin dutse, ina bakin rijiya.
A masallaci ina sahun ƙarshe, dab da ƙofa,
liman na karatu, ni ina sauraren jikina.
Babur ya wuce da hayaƙinsa,
zuciyata ta hau tsalle kamar tarwaɗa a kan yashi.
Ita ce?
Ba ita ba ce.
Amma na riga na jiƙe da gumi,
na biya kuɗin faɗuwar da ban yi ba.

Akwai kuma ɗayar,
wadda ba ta kayar da mutum, zaunar da shi take yi.
Da hantsi take zuwa, ta hau ƙirji ta miƙe ƙafa.
Tuwon Inna ya huce, ya yi ɓawo a kwano.
Waya na ta ruri, Sa'idu ne, mun taso tare,
ina kallon sunansa har ya mutu a gilashi.
Ita ba ta da kumfa, ba ta da shure-shure,
shi ya sa ba a kawo mata rubutu ko turare.
Sai dai a ce, ai Bawa ya koma miskili.

Moɗata daban take a gindin randa,
an ɗaura mata jan zare.
Ba wanda ya gaya mini dalili.
Ni ma ban tambaya ba.

Ran Talata a asibiti, Sista Rifkatu
ta ƙirga mini ƙwayoyin wata a 'yar leda,
sai ta ajiye biro.
Ta ce, barci fa?
Ta ce, zuciyar fa, tana kwana lafiya?
Shekara shida ana tambayata sau nawa na faɗi,
ba a taɓa tambayata yadda nake tsayuwa ba.
Na buɗe baki in ce lafiya lau,
kalmar ta ƙi fitowa.
Ta jira. Layi na bayana, ta jira.
Ta ce wannan ma ciwo ne, shi ma yana da suna,
in dawo ran Alhamis mu yi magana.

Ban sani ba ko zan je.

Jiya Kulu, 'yar ƙanwata, ta shigo a guje daga wasa,
ta ɗauki mai jan zaren ta sha har ruwa na bin haɓarta.
Inna ta gani. Ni ma na gani.
Ba wanda ya ce uffan.

Yanzu rana ta faɗa bayan gungu,
masunta na jawo jiragensu kan tudu.
Yatsuna na rawa kaɗan.
Ba ita ba ce. Sanyin ruwa ne.
Na ɗaura ƙulli na arba'in da biyu.